Tambaya da Amsa: Zanen ɗige-ɗige a Excel ya fito min kamar saƙar gizo

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, Ghana, ina riƙe wa kawuna lissafin albasa a kasuwar Adjen Kotoku. Kullum ina rubuta buhu nawa suka sauka da kuma farashin buhu a Excel. Na gwada yaren kod na Python da openpyxl (kayan aikinsa na sarrafa fayil ɗin Excel) in fitar da zanen ɗige-ɗige, in ga ko yawan kaya na karya farashi, sai ya fito da layuka a cakuɗe kamar saƙar gizo, a ƙasa kuma maimakon yawan buhu sai 1, 2, 3. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Toh matsalarka kashi biyu ce, kuma babbar ba a kod ɗin take ba, a cikin fayil ɗin take.

Buɗe shi ka duba kolum ɗin buhu da kyau. Lamba ta gaskiya a Excel gefen dama take jingina, rubutu kuma gefen hagu, wani lokaci har da ɗan koren tabo a kusurwar akwatin. In akwai inda ka rubuta "buhu 80" ko ka sa "babu kaya" ranar da mota ba ta iso daga Nijar ba, shikenan, Excel zai ɗauki kolum ɗin a matsayin rubutu ya shiga ƙirga maka 1, 2, 3 da kansa, kuma ba zai faɗa maka komai ba, wannan shirun ne yake ɓata wa mutane lokaci. Na taɓa kwana ina gyaran kod saboda akwati ɗaya tak da aka saka harafin O a madadin sifili. Haka ma farashi, in ka rubuta "GHS 1,200" cire GHS ɗin (alamar sidi, kuɗin Ghana) da waƙafi ka maida shi float, wato lamba zalla a Python, kafin ka zuba. Ranar da babu kaya kuwa cire layin gaba ɗaya.

Ga yadda kod ɗin zai kasance, in buhu na kolum A, farashi na B, layin farko kanu ne, ws kuma shi ne shafin Excel ɗin da ka buɗe:

c = ScatterChart()
x = Reference(ws, min_col=1, min_row=2, max_row=ws.max_row)
y = Reference(ws, min_col=2, min_row=2, max_row=ws.max_row)
s = Series(y, x, title="Farashi")
s.marker.symbol = "circle"
s.graphicalProperties.line.noFill = True
c.series.append(s)
ws.add_chart(c, "D2")

Lura, a cikin Series y ne ke fara zuwa sannan x, da yawa suna juya su. Saƙar gizon nan kuma noFill ɗin can ne maganinta, don in ba ka hana ba zai ja layi daga ɗigo zuwa ɗigo bisa jerin da ka rubuta su. In openpyxl ɗinka 3.1 ne kuma lambobin gefe suka ɓace, ƙara c.x_axis.delete = False da c.y_axis.delete = False. Ka yi sebin da sabon suna, kar ka danne asalin littafin kawu.

Abu ɗaya da nake so ka kula da shi sosai, in lissafin ya faro tun 2021 da aka taso 'yan albasa daga Agbogbloshie, kar ka zuba duka shekarun wuri ɗaya. A Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari, kaga sidin 2021 ba shi ne sidin yau ba, ɗigon zai watse ka ɗauka babu wata alaƙa alhali akwai. Ka yi wa kowace shekara Series nata da kalarta, in ka ga dama ka ɗora wa kowanne Trendline, wato layin da ke nuna inda ɗigon suka dosa, daga nan ne za ka iya nuna wa kawu ko layin na gangarowa duk ranar da motoci suka cika kasuwa.