Kuɗin Kyautar Kullum Sun Maƙale: Amsa Ga Wani Direba A Bronx

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York. Na daɗe ina shiga shafukan sweepstakes casino (na wasanni irin na gidan caca a intanet) guda biyar kowace safiya, in karɓi kyautar ranar, in rubuta a littafi. Ban taɓa saka ko sisi ba. Na tara kusan dala 380 a ɗaya daga ciki, sai aka rufe mini asusu. Wani ya ce in yi amfani da VPN (manhajar da ke ɓoye inda mutum yake a intanet) da adireshin ƙanena na wata jiha. Ina kuma tura wa 'yan uwa lambar gayyata ta WhatsApp, ana ƙara mini kyauta. Ina mafita?

Amsa: Malam, kyautar nan ba alheri suke yi maka ba, garkuwarsu ce. A dokar Amurka, abu yana zama caca idan ya haɗa uku: lada, sa'a, da biyan kuɗin shiga. Sai suka raba tsabarsu biyu. Gold Coins ake saya, kuma ba sa komawa kuɗi. Sweeps Coins ake "bayarwa", su ne ake canzawa zuwa dala. Da kyautar safiya suke kafa hujjar cewa ba dole sai ka biya ba.

New York ta ƙi wannan hujja. A watan Yunin 2025 babbar lauyar jihar, Letitia James, ta sanar da dakatar da shafuka 26, sannan a Disamba Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar haramcin. Montana, Connecticut da New Jersey ma sun hana a shekarar, dokar California kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026.

Ba kuɗinka ne suka fi damuna ba, lambar gayyatar ce. Dokar ta nufi masu gudanar da shafukan da masu tallata su, kuma tararta daga dala 10,000 take farawa. Mai tura lamba yana samun lada a kai, ana iya ce masa mai talla. Ka daina yau.

Batun VPN kuwa, kada ka soma. Kafin a biya ka sai an nemi katin shaida da takardar da ke nuna inda kake zaune. Ƙaryar adireshi za ta ba su dalilin cinye kuɗin, ka kuma jawo ƙanenka cikin abin da bai ji ba bai gani ba. In kana da takardun zama a hannun hukumar shige da fice, wannan ba tabon da za ka so ba ne.

Littafinka fa ya yi rana. Haɗa shi da hotunan asusun da saƙonnin da suka aiko, ka duba ko sun ba da wa'adin cire kuɗi kafin su bar jihar. Ka rubuta musu takardar neman biya, ka ba su kwana 14. In sun yi shiru, ka kai ƙorafi ofishin babbar lauyar jiha, kyauta ne. Kotun ƙananan ƙararraki ta birnin New York tana sauraron abin da bai wuce dala 10,000 ba, amma karanta sharuɗɗan da ka amince da su tukuna, don yawanci suna tura rikici gaban mai sasantawa. Ɗaukar lauya kan dala 380 asara ce, ko da ni ne.

Abin da ka riga ka cira a baya kuma, hukumar harajin Amurka, IRS, tana ƙirga shi cikin kuɗin shiga, ko sun aiko maka da fom 1099 na shaidar kuɗin da aka biya ka ko ba su aiko ba. Ka tafi da littafin wurin mai cike maka takardun haraji.