Hukuncin ɗalibin harhaɗa magunguna ya rubuta wa kansa antibiyotik

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan Garwa ne, ina shekara ta uku a karatun harhaɗa magunguna a Duwala ta ƙasar Kamaru. In mura ta kama ni, amoksisilin nake saya in sha kwana biyu, da na ji sauƙi sai in jefa sauran a jaka. Da na zo hutu kuma gwaggona ta kawo mini jikanta yana gudawa, na ba shi Flagyl. Akwai laifi a shari'a?

Amsa: Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Neman magani halal ne, kuma da farasetamol ka sha don ciwon kai, da ban tsaya dogon bayani ba.

Antibiyotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya irin su amoksisilin da Flagyl, hukuncinsa daban ne. Likitoci sun tabbatar mura ta bairos ce, amoksisilin bai taɓa ta. Abin da yake yi shi ne ya koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinka jure magani, su kuma su bi hannu da ruwan sha su kai ga maƙwabcinka. An ƙiyasta wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa, Imam Malik ya ruwaito shi. Don haka wanda ya san wannan illa, kuma ku kun fi kowa saninta, bai halatta ya sha ba tare da gwaji ko takardar likita ba, sai in lalura ta kama shi inda babu likita.

Maganar yaron ta fi tsaya mini a rai. A hadisin Abu Dawud, wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, lamuni na wuyansa. Ka san sunan ƙwayar, ka san nauyinta, amma wa ya gaya maka abin da ke cikin cikin yaron? Gudawar yara galibi ruwan gishiri da sukari take buƙata, da zinki. Gwaggonka "dokta" take ce maka, na san kunyar ce mata a'a tana da nauyi, sai dai da yaron ya cutu, kunyar ba za ta ɗauke maka lamunin ba.

Ka yi istigfari, ka duba yaron, in bai warware ba ka kai shi asibiti da kanka. Kafson da ke jakarka kuma kada ka ba kowa. Wallahu a'alam.