Tambaya da Amsa: Yayana ya ce in sassauta birkin gaba kafin in fara hawa sabon babur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, gidana a Rijiyar Zaki, wurin aikina kuma wajen Fagge. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 na ajiye 'yar motata, yanzu kuma kuɗin Adaidaita Sahu safe da yamma ya fara cinye min albashi. Na yi adashi na tara kuɗin babur, amma rabona da hawa tun ina saurayi. Sabo zan saya ko na hannu, Boxer ko roba-roba? Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa maganar yayana ce. Ya ce ranar da na saya in wuce wurin makanike ya sassauta min birkin gaba, ko ma ya cire wayarsa, domin shi ne ya kayar da wani maƙwabcinmu, yau wata uku yana kwance da karaya a cinya. 'Ya'yana huɗu, babbar ko firamare ba ta gama ba. Wallahi tsoro nake ji. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba maƙwabcinku lafiya, kai kuma Allah ya sa ka saya a sa'a. Tsoron nan naka ba aibu ba ne. Hankalina ya fi kwanciya da mai hawa da tsoro a kan wanda yake ganin ya gama ƙwarewa.

Bari in sallami maganar saye da wuri. In kuɗinka ya kai, sayi sabo. Babur na hannu yawanci ya sha wuya kafin ya fito kasuwa, wani ya yi acaba a ƙauye, wani an buɗe injinsa sau biyu an shafa masa fenti, ga kuma haɗarin faɗa wa kayan sata. In ta kama dole sai na hannun, je da makaniken da ka zaɓa da kanka, ban da wanda dillali zai nuna maka. Ku tayar da shi injin yana da sanyi, ku dubi hayaƙin da ke fita a salansa, sannan ku gwada lambar inji da lambar jikin babur da abin da ke rubuce a rasit. In lamba ɗaya ta saɓa, ko ka ga alamar an goge an sake bugawa, bar shi ko da kyauta aka ba ka.

Hanyarka ta Kabuga kwalta ce, kuma daga kai sai jakar littattafai, don haka roba-roba ya ishe ka, ba shi da nauyi, ba ka kuma fama da matse kuloci a cunkoso. In kana zuwa ƙauye ƙarshen mako, ko za ka riƙa ɗauko buhun hatsi, Boxer ya fi jure wahala, kayan gyaransa kuma tun daga Ƙofar Ruwa har kasuwar ƙauye ba inda babu su. Ka ware kuɗin lamba da takardu da lasisin ajin A da hular kwano tun kafin ka je ciniki. Ka juye baƙin mai bayan kilomita 500 na farko. Iyakar abin da zan ce a kan saye ke nan.

Yanzu sai maganar yayanka. Na san ƙauna ce ta sa ya faɗa, Allah ya saka masa, amma kada ka bi. Ko kusa kada ka bi. Shekara da shekaru ina gyaran babura, da wuya rana ta fito ta faɗi ban ci karo da wannan magana ba, kuma tana cikin abubuwan da suke kai mutane asibitin ƙashi na Dala. Babur zai shigo gareji, in kama hannun birki na dama in matsa, sai ya tafi salin-alin har ya taɓa robar totur bai riƙe komai ba. Wani an zare wayar an naɗe ta an ɗaure da tsohon tiyub a ƙarƙashin fitila. Wani hannun birkin ya karye tun bara, mai shi bai ga dalilin sayen wani ba. In na buɗe kwanon tayar gaba sai in tarar da takalman birkin sababbi fil, sai dai tsatsa da ƙura, alhali na baya an canja su sau uku, na yanzu ma sun cinye har ƙarfe yana gugar ƙarfe. In na yi magana sai a ce, "Oga bar shi haka, birkin gaba ai kisa ne."

Malam, kana cikin Adaidaita Sahu direba ya taka birki, ina jikinka yake tafiya? Gaba. To haka babur yake. Da zarar ka fara tsayawa, nauyinka da na babur ya koma kan tayar gaba, za ka ji gaban ya nutse, bayan kuma ya yi sakayau. Ita taya gwargwadon nauyin da ke kanta take riƙe kwalta. Ke nan a daidai lokacin da kake neman tsayawa, tayar da ta kafe ƙasa sosai ita ce ta gaba, ta baya kuwa kusan shafar kwaltar kawai take yi. Shi ya sa masu koyar da tuƙin babur suke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Wanda ya cire shi ya zubar da fiye da rabin birkinsa da hannunsa, ya kuma biya makanike ladan aikin.

In ka dogara da na baya kaɗai, ga abin da ke faruwa. Yaro ya fito da gudu daga lungu, ko ɗan Adaidaita ya hango fasinja ya tsaya cak a gabanka ba sigina. Ka danna ƙafa da ƙarfi. Tayar baya da ba nauyi a kanta ta ƙulle, ta fara jan ƙasa ƙiii, bayan babur ya karkace gefe, kai kuma kana nan kana tafiya. Wannan baƙin layin da kake gani a kwalta wurin da aka yi haɗari, sau da yawa sawun tayar baya ne. Sai mutum ya tashi yana cewa ya taka birki bai ci ba. Ya ci mana, iyakar ƙarfinsa ke nan. Kuma ka riƙe wannan lissafin tunda kai malami ne: a gudun kilomita 40 cikin awa, kana cin mita 11 a kowace daƙiƙa, a gudun 60 kusan mita 17. Kafin idonka ya gani, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, hannu ya motsa, daƙiƙa guda ta wuce. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake bukata ninkawa huɗu take yi. Ina mai rabin birki zai samo wannan filin a gadar Kabuga da ƙarfe bakwai da rabi na safe?

Ban ce birkin gaba ba ya kayar da mutum ba. Yana kayarwa, kuma nan take, ba ya ba ka damar sa ƙafa. Amma je ka duba maƙwabcin naku, in kun gaisa ka tambaye shi abu uku. Fizgar birkin ya yi ko matsawa? Kan babur a miƙe yake ko a karkace? Me ke ƙarƙashin tayar, kwalta ce tsaf ko yashi? Duk faɗuwar birkin gaba da aka kawo min gyaranta, amsar tana cikin ukun nan, in ka ƙara da tayar da ta suɗe ta zama kamar tafin hannu. In ka fizga lokaci guda, tayar tana ƙullewa tun nauyi bai sauka a kanta ba, sai ta zame. Wa kuma yake fizga? Wanda bai saba da shi ba. Mutum ya shekara biyar yatsunsa ba su taɓa hannun birkin nan ba saboda an tsorata shi, ranar da ya ga mutuwa ido da ido sai ya damƙe shi da dukkan ƙarfinsa, ya faɗi, a majalisa kuma a ce kun gani ko, ai mun faɗa. Haka jita-jitar take ciyar da kanta, tana hana mutane koyo, rashin koyon kuma yana kawo mata sababbin shaidu.

Abin da za ka yi shi ne ka koya wa hannunka tun kafin ranar bukata. Samu layi mai kwalta da ba zirga-zirga, da sassafe ranar da ba aiki. Ka ajiye dutse a gefen hanya. Ka taho a gudun 20, in ka zo daidai dutsen ka saki totur, ka ɗora yatsu a hannun birki ka fara matsawa a hankali, kamar mai matse soso, da ka ji gaban ya nutse sai ka ƙara ƙarfi, ƙafarka kuma tana kan na baya ba tare da ka danne shi duka ba. Idonka can gaba, kan babur a miƙe. Ka yi sau ashirin, sannan ka ɗaga zuwa 30, zuwa 40. Daga nan ka gwada tsayawa da na baya kaɗai daga wannan dutsen, ka auna tazarar da takunka. Bambancin da za ka gani zai fi duk bayanin nan da nake yi.

Akwai wuraren da na baya ne abokin tafiya: cikin yashi, cikin laka, kan tsakuwa, da lokacin da kake juyawa a hankali kan babur a murɗe. Kwana kuwa tun kafin ka shige ta ake rage gudu, a shataletale ma haka. Ka kula da gefen titi inda iska take tara yashi, da ruwan farko na damina da yake taso da man da ya zuba a kwalta duk rani.

Ranar da za a haɗa maka sabon babur daga kwali, kada ka je shan inuwa ka bar yara da shi. Tsaya a kansu. In sun gama, a kafe shi a kan babbar ƙafa, ka juya tayar gaba da hannu ka matsa birki. Wasan da hannun birkin zai yi kafin ya fara kamawa kada ya wuce kamar faɗin yatsa ɗaya, kuma ko ka matse iya ƙarfinka bai kamata ya taɓa robar totur ba. Akwai ɗan noti a ƙarshen wayar can wajen taya, da shi ake saitawa, aikin minti biyu ne.

Abin da yake ƙona min rai shi ne, mu masu gyara da hannunmu a ciki. Makaniken da zai karɓi kuɗi ya zare wa magidanci birki don kawai ya ce a zare, wallahi ya ci amanar sana'a. Su ma jami'an da ke tare hanya, sau nawa aka tsayar da ni aka duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa miƙa hannu ya matsa birkina ya ji ko yana ci. Ƙasar Indiya da take ƙera Boxer da TVS, tun Afrilun 2019 ta wajabta cewa duk sabon ƙaramin babur da za a sayar a cikinta, in ba shi da na'urar hana taya ƙullewa, to a haɗe birkinsa yadda ko na baya ka kama na gaba zai ci tare da shi. Masu ƙera abin suna neman dabarar da za su sa mutum ya yi amfani da birkin gaba ko ya manta, mu nan muna zare wayar muna ɗaurewa da tiyub. Irin wannan muka yi da hular kwano a farkon 2009 da aka fara tilasta ta, wasu suka kifa ƙwarya a ka suka fito titi, wasu suka baza cewa ana sa asiri a hular da ake ba fasinja. Kawuna nawa suka fashe tun daga lokacin, Allah kaɗai ya sani. Kai dai ka sayi mai kyau, ka ɗaure igiyarta a haɓa, ko masallacin bayan layi za ka.

Kuma don Allah a daina fakewa da ƙaddara. Duk mun yi imani abin da Allah ya rubuta ba makawa, amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Jikinka amana ne, 'ya'yan nan huɗu amana ne, yaron mutane da zai gifta gabanka a bakin makaranta shi ma amana ne. In ka take shi da babur ɗin da kai ka sa aka cire wa birki, da wane baki za ka ce tsautsayi ne? Da wane ido za ka dubi mahaifiyarsa a wurin gaisuwa?

Ranar da za ka fita gwajin nan na dutse, ka roƙi yayanka ya raka ka, ba don ka ƙure shi ba. Ka ce ya tsaya a gefe ya ƙirga maka takun, sau ɗaya da birkin baya kaɗai, sau ɗaya da duka biyun. In shi ma yana da babur, kafin ku rabu ka matsa hannun birkinsa na dama ka ji. In ya tafi har roba, ku wuce gareji tare a sa masa sabuwar waya, kuɗinta ba shi da yawa.