Kayan da ke bisa ruwa ba a yi musu shela

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini shi bayan la'asar. Kana tambaya wai me ya sa tsofaffin 'yan kasuwarmu na Katsina ba sa faɗin suna da kaya a hanya sai kayan sun sauka, ko camfi ne kawai, don kana so ka ɗora hoton jirgin da ya ɗauko kwantenarka daga Cana a WhatsApp. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kwantena ɗaya mai ƙafa 20, wadda ma ku uku kuka haɗa kuɗi kafin ta cika, ita za a buga wa ganga?

Ka ma tabbata jirgin da ke hoton shi zai kawo ta? Manyan jiragen kwantena sau da yawa a Lome suke juye kaya, ƙarami ya kwaso zuwa tashoshin Legas, Apapa ko Tin Can. Kuma ku yaran yanzu kun ɗauka duk jirgin ruwa na kwantena ne. Alkamar burodin da kake ci da shayi, zuba ta ake yi tsurarta a cikin jirgi, ba buhu, haka ma takin zamani. Fetur yana da nasa mai tankoki, kifin ƙanƙara yana da mai firiji, motar tokunbo kuwa tuƙa ta ake yi ta shiga jirgi da ƙafarta, ta fito da ƙafarta.

A zamaninmu yawancin kaya a akwatunan katako da buhuna suke zuwa, jirgi ya ɗaga su da ƙugiyarsa a cikin raga, leburori su tara a ƙasa. Wani ya fashe, wani ya yi ƙafa.

A 1975 ina yaron kanti. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi odar fitilun ƙwai da kwanukan samira, ya tura ni Ikko tare da ƙanensa mu karɓo. Mota zuwa Kano, jirgin ƙasa zuwa Iddo, muka sauka wurin 'yan uwa a Agege. Ashe mun faɗa shekarar siminti. Gwamnati ta yi odar siminti kusan tan miliyan 20, alhali tashar Apapa ba ta iya sauke ko kashi ɗaya cikin goma na wannan a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran layi. Wani dare aka kai mu Bar Beach, na ga fitilu jere iya ganin ido, na tambaya wane gari ne wancan a tsakiyar ruwa, aka yi mini dariya. Namu jirgin yana can cikinsu, ba wanda zai iya nuna mana shi. Kullum da safe mu je ofishin ejan, ya ce mu dawo gobe. Guzurinmu ya ƙare, na koma taya wani mai sayar da goro zama don in samu na tuwo. Danshin teku ya shiga buhunan simintin, wasu suka daskare a cikin jirgi, sai fasa su aka yi ta yi, ga kuɗin jira kuma ana lissafa wa kowane jirgi kullum rana. Wannan cunkoso ne ya sa aka gina Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

To, akwai wani maƙwabcin kantinmu da kayansa ke jirgi ɗaya da namu. Shi tun ranar da aka yi lodi ya baza labari, har ya karɓi kafin alƙalami daga mutanen Jibiya da Maraɗi, ya yi musu alkawarin kaya kafin Sallah. Sallah ta zo ta wuce. Masu kuɗi suka riƙa yi masa sallama tun da asuba, ƙarshe gonar gado ya sayar. Maigidana kuwa ko uwargida ba ta san me muka je yi Ikko ba. Da kayan suka iso bayan watanni, waɗanda suka fashe suka fashe, ya sayar da sauran a natse. Abin da yakan ce shi ne ba a cinikin biri a sama. Mahaifiyarsa kuma, duk wanda ta ji yana lissafin ribar da ba ta zo ba, sai ta ce baki shi kan yanka wuya. Ita kam maganar kambun baka take nufi, kuma ban taɓa yi mata musu ba.

Yanzu kuna ganin jirgi a waya yana tafiya, sai ku ɗauka kaya sun zo hannu. A 2021 jirgi guda, Ever Given, ya gicciye a mashigin Suwez kwana shida, ɗaruruwa suka tsaya a bayansa, duk da wayoyinku. Kuma ko kwantenar ta sauka, akwai kwastan, akwai kuɗin jira idan ka yi jinkirin fitar da ita, akwai titi tun daga Legas har nan.

Mahaifiyarka dai ka gaya mata, addu'arta za ta yi maka amfani. Ranar Juma'a in an sauko masallaci ka biyo da takardar lodin, ina so in ga sunan wa aka rubuta a kanta cikin ku ukun nan.