Amsa: Kayan ƙafar babur ɗin ƙanƙara na kasuwa suna ƙarko?

Malam, ka tambaya ko shokozoba da sauran kayan ƙafa da ba na kamfanin da ya ƙera babur ɗin ba za su jure a babur ɗinka na ƙanƙara ƙirar Ski-Doo. Ya danganta da wanda ka saya. Shokozoban kamfanin Fox ko Elka suna daɗewa, domin ana kwance su a sake musu mai da iskar naitirojin. Masu arahar nan da aka liƙe, ba a iya kwance su, ranar da suka fara yoyo sai bola.

Hannun ƙafar gaba kuwa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar da jikin babur, a yi hattara. Idan ƙarfensa ya fi na asali tauri, ka daki kututture, shi ba zai lanƙwashe ba, jikin babur ɗin ne zai sha dukan, gyaransa kuma ya fi tsada. Ni na kamfani nake bari a nan.

Bushin ma kada ka hana shi giris, gishirin da ake zubawa a titunan Kanada don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe.