Me ya sa ruwan ya koma rawaya a labo?

Ƙanena, ka ce a lise ɗinku nan Damagaram kun haɗa ruwan KI (gishirin potasiyom da iyod) da na Pb(NO3)2 (gishirin darma da nitrat), duka biyun garau, nan take kwalbar ta yi rawaya kamar garin ɗorawa. To ai iyod ne ya kama darma suka zama PbI2, shi kuwa ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi shi ya sa yake kwantawa ƙasa, potasiyom da nitrat suna nan cikin ruwa abinsu. Ku ɗan dafa shi ku gani, zai ɓace, in ya huce ya dawo yana ƙyalƙyali, wallahi gwanin kyau. In iyod ya kama azurfa ma, gari ne mai rawaya yake kwantawa ƙasa, wato AgI, sai dai rawayarsa ba ta kai ba kuma amoniyak ba ya narkar da shi. Darma guba ce fa, kar ku zuba a kwata.