Amsa kan yadda ake auna matsin rayuwa a binciken lafiya

Malama, kin tambaya wane ma'auni ya dace da binciken da za ki yi kan matsin rayuwa a tsakanin masu hawan jini. Ki fara tantance abin da kike nema, domin abu uku ne ake kira da suna ɗaya: abin da ya sami mutum, yadda ya ji shi a ransa, da tabon da ya bari a jiki. Sau da yawa ukun ba sa tafiya tare.

Ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa Holmes da Rahe suka fitar a 1967 abin da ya faru yake ƙirgawa. Abubuwa 43 ne, kowanne da makinsa: rasuwar miji ko mata 100, mutuwar aure 73, yin aure 50, kora daga aiki 47. A haɗa na shekara guda, in ya kai 300 a ce haɗarin rashin lafiya ya yi yawa. Ni dai ba zan ba ki shawararsa ba. Wadda aka saka ba zato ba tsammani da wadda ta shekara tana neman rabuwa duk 73 za su samu. Sannan rashin lafiyar mutum kansa na cikin jerin, maki 53, ke kuwa marasa lafiya za ki tambaya. Kin ga tun kafin a fara sun riga sun tara maki. Bashin da ke cin mutum kullum, ko jinyar tsoho ta shekaru, ba ya kama nauyinsu yadda ya kamata.

PSS (Perceived Stress Scale), ma'aunin yadda mutum ya ji matsin a ransa, wanda Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka fitar a 1983, ya fi dacewa da ke. Ɗauki mai tambaya 10. Kan watan da ya wuce kaɗai yake tambaya, kowace amsa daga 0 zuwa 4, jimilla 0 zuwa 40. Inda ake tafka kuskure shi ne tambaya ta 4, 5, 7 da 8: juya makinsu ake yi, 4 ya koma 0, 3 ya koma 1. In kin manta, lissafin duka ya lalace. Kuma ba ya gano cuta, kwatanta mutane kawai ake yi da shi.

Na jiki kuwa, sinadarin kotisol ake aunawa, wanda jiki ke ƙara fitarwa in mutum na cikin matsi. A yawu yana hawa ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ya yi ta sauka har dare, don haka samfurin safe da na yamma ba a gwama su. Kada a ci abinci ko a goge baki dab da ɗauka. Gashi ya fi sauƙin sha'ani: yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, uku na kusa da fatar ƙeya su nuna watanni uku. Ki rubuta duk mai shan magani ko shafa man da ke da sitiroyid, don suna rikita sakamako.

Wani tarko: wanda aka gaya wa yana da hawan jini yakan tono duk wani ɓacin rai don nemo dalili, mai lafiya kuwa ya manta nasa. In da hali, ki cike takardar tambayoyin kafin a auna jinin.